An ce ina da farfaɗiya bayan na girma: ina neman bayani a kan magani, azumi da hawa babur

Abu Hafsa, Daura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin firamare ne, shekaruna 36. Ban taɓa faɗuwa ina yaro ba, kuma babu mai wannan ciwo a danginmu. A 'yan watannin nan na faɗi sau biyu, jiki na fizga, na ciji harshe, ban san inda kaina yake ba sai da na farfaɗo. An tura ni Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, likita ya ce farfaɗiya ce, mai yiwuwa daga buguwar da na yi a ka a wani hatsarin babur shekarun baya. An rubuta mini Tegretol 200mg safe da dare, aka ce in koma bayan wata guda.

Shin maganin nan har abada ne? Tun da na fara shi ina jin jiri da barci, in daina ne? Yaya zan yi da azumi? Da babur nake zuwa makaranta, zan iya ci gaba? A gida wasu na cewa iska ce, a bar maganin asibiti a koma ruƙiyya. Mai ɗakina kuma a tsorace take, ba ta san abin da za ta yi ba idan abin ya tashi.

Likita Bakatsine

Wa'alaikumus salam Malam Abu Hafsa, Allah ya ba da lafiya. Farfaɗiya ba ciwon yara kaɗai ba ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wutar lantarki 'yar kaɗan. Idan wani gungu daga cikinsu ya saki wutar a lokaci guda ba bisa tsari ba, shi ne faɗuwar da ake gani. Ana kiranta farfaɗiya idan ta faru sau biyu ko fiye, da tazarar da ta wuce awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba kamar saukar sikarin jini ko zazzaɓi mai tsanani. A wurin babba, abubuwan da aka fi samu su ne tabon tsohon rauni a ka, shanyewar ɓarin jiki, tabon sanƙarau ko na maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma ƙari, wato tsiro a ƙwaƙwalwa. Tabon buguwa yana iya yin shiru shekaru kafin ya fara tayar da ciwo, don haka bayanin likitanka bai saɓa wa abin da aka sani ba.

Babba da ya fara faɗuwa yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, CT ko MRI, ba gwajin EEG kaɗai ba. EEG yana auna wutar ƙwaƙwalwa ne na ɗan lokacin da aka manna wayoyin a ka, yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon yana nan. Kada wani ya duba takardar ya ce maka ai ba ka da komai. Idan ba a yi maka hoto ba, ka tambaya idan ka koma. Ka kuma tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, domin kai ba ka ga komai ba, kuma bayaninsa ya fi kowane gwaji amfani: ta ina abin ya fara, hannu ɗaya ne ko duk jiki, kai ya juya hagu ko dama, minti nawa ya ɗauka. Idan ya sake faruwa, wani ya ɗauki bidiyo da waya bayan an gyara maka kwanciya.

Batun magani. Kabamazefin, wato Tegretol ɗin da aka ba ka, ba ya goge tabon. Aikinsa ya hana wutar nan ɓarkewa, kuma yana yin haka ne muddin yana cikin jini daidai gwargwado, dare da rana. Shi ya sa ake rabawa biyu da tazarar kusan awa 12. Zaɓi lokaci, misali bakwai na safe da bakwai na dare, ka sa ƙararrawar waya. Ana farawa da kaɗan ne, ana ƙarawa a hankali duk bayan mako ɗaya ko biyu gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Manya da yawa sai an kai su 800mg zuwa 1200mg a rana kafin ciwon ya kwanta. Saboda haka idan ka sake faɗuwa kana kan 400mg a rana, ba wai maganin ya gaza ba ne, ba a kai ga adadinka ba tukuna. Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yanke ƙauna su watsar.

Jiri, barci, ɗan tashin zuciya, har ganin abu bibbiyu, sun saba zuwa a makonnin farko kuma yawanci suna raguwa da kansu. Sha da abinci. Idan suna hana ka aiki, likita na iya mayar da kai irin mai sakin magani a hankali, wanda ake rubuta CR a kwalinsa, ko ya ƙara nauyin na dare ya rage na safe. Abin da ba a wasa da shi shi ne ƙuraje. Idan ƙuraje suka feso maka, musamman da zazzaɓi, ciwon baki, jan ido ko saɓulewar fata, kada ka sha na gaba, ka tafi asibiti a ranar da kwalin a hannunka, a sauya maka wani. Wannan ya fi faruwa a watanni biyu zuwa uku na farko. Haka nan idan ido ya yi ɗorawa, ko ciwon wuya da zazzaɓi suka ƙi tafiya.

In ban da wannan dalili, kada ka taɓa daina magani farat ɗaya. Yankewa kwatsam na iya jawo faɗuwa a jere wadda ba a farfaɗowa a tsakani, ita ce ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Ana fara maganar janye magani ne bayan aƙalla shekara biyu babu faɗuwa ko ɗaya, kuma a hankali cikin watanni. Sai dai in faɗa maka gaskiya: wanda nasa ya samo asali daga tabo a ƙwaƙwalwa ya fi yiwuwa ya daɗe a kan magani, wasu har ƙarshen rayuwa. Gara ka shirya wa hakan tun yanzu.

Sayi ɗan littafi. Duk ranar da abin ya tashi ka rubuta kwanan wata, lokaci, awa nawa ka yi barci, ko ka tsallake magani, ko kana zazzaɓi. Da shi likita zai san ya ƙara ko ya sauya.

Mai Harhaɗa Magani, Ƙofar Ƙaura

Likita ya gama magana a kan ciwon, ni zan tsaya a kan ƙwayar. Yawancin waɗanda ciwonsu ke dawowa bayan ya kwanta, idan aka bi diddigi, magani ne ya ƙare ranar Juma'a aka ce sai Litinin, ko sai albashi ya shigo. Malam, ka ɗauki ƙa'ida: duk lokacin da ya rage na kwana bakwai, ka ɗauka ya ƙare. Ka ajiye na kwana biyu a aljihun riga ko jakar makaranta saboda tafiyar da ba a shirya ba. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, ka bincika ko kana cikin tsarin inshorar lafiya na jiha, ka ji ko maganin yana cikin waɗanda suke ɗaukar nauyi.

Idan ka manta shan na safe ka tuna da hantsi, sha nan take, na dare kuma a lokacinsa. Idan ba ka tuna ba sai da ya rage ƙasa da awa takwas a sha na gaba, bar wancan ya wuce. Kada ka haɗa biyu don ramuwa, jiri da tangaɗi za ka samu. Irin CR ba a tauna shi, ba a daka shi.

Ka tsaya a kan na kamfani ɗaya iya iyawarka. Kabamazefin na cikin magungunan da ɗan bambancin yadda jiki ke tsotse su daga kamfani zuwa kamfani yake iya yin tasiri. Ɗauki hoton kwalin a waya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka guji ƙwayoyin da ake ƙirgawa a zuba a leda babu suna. Ajiya ma tana da muhimmanci: wannan ƙwaya ba ta son laima, idan ta sha danshi tana taurara ta ƙi narkewa yadda ya kamata a ciki. Da damina a bar ta cikin takardarta har lokacin sha. Kada a ajiye ta kusa da randa, ko a akwatin babur da ke yini a rana.

Sai abin da ake yawan mantawa, wato haɗuwarsa da sauran magunguna. Kabamazefin yana sa hanta ta riƙa ƙone wasu magunguna da sauri. Coartem da ire-irensa da muke sha don maleriya suna ciki, ƙarfinsu na raguwa sosai a jikin mai shan Tegretol, har takardar da ke cikin kwalin Coartem ta hana haɗa su. Don haka idan zazzaɓi ya kama ka, a yi gwaji, ka faɗa wa likita maganin da kake sha, shi zai zaɓi abin da zai ba ka. Kada ka aiki yaro kemis ya karɓo. Ga kuma waɗanda ke yin akasin haka: eritiromaisin da kilaritiromaisin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna sa kabamazefin ya taru a jini har mutum ya riƙa layi kamar ya sha wani abu. Tiramadol kuwa shi kansa yana tayar da farfaɗiya ko ga mai lafiya, haramiyarka ce, ko da an ce na ciwon baya ne. Sifiro (ciprofloxacin), da ake rubutawa barkatai da sunan taifod, shi ma yana sauƙaƙa faɗuwa. Farasitamol ba shi da matsala. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ni dai ba na ba da shawara, domin babu mai iya ce maka ga yadda za su yi da hantarka.

Ga mata masu karatu, ko da tambayar ta namiji ce. Tegretol da wasu magungunan farfaɗiya, Epanutin da fenobabiton, suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, mace na iya ɗaukar ciki tana kai. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala. Epilim kuma, shi ma maganin farfaɗiya ne, yana da haɗari ga ɗan tayi, kusan jariri ɗaya cikin goma na samun naƙasa, shi ya sa ake kauce masa ga mai shekarun haihuwa idan da wani zaɓi. Wadda ta samu ciki tana shan magani kada ta daina da kanta, ta je asibiti a makon. Mai shirin ɗaukar ciki ta nemi a rubuta mata ƙwayar bitamin ta folik asid tun kafin cikin.

Umman Walid, malamar jinya

Malam, don Allah ka miƙa wa maman Hafsa wayar, wannan nata ne.

'Yar'uwa, idan abin ya tashi, fara da duba agogo. Yawancin faɗuwa tana tsayawa da kanta cikin minti ɗaya zuwa uku, amma ga mai kallo kamar awa guda ce, shi ya sa agogon. Janye duk abin da zai buge shi, kujera, murhu, bokiti. Naɗe zane ko hijabi ki sa masa a ƙarƙashin kai, ki sassauta maɓallin wuyan riga. Kada ki danne shi, kada ki kira maza su danne shi, ana iya goce masa kafaɗa. Da fizgar ta lafa, ki juya shi ya kwanta a gefe, ƙafar sama a lanƙwashe, baki na kallon ƙasa, yadda yawu da jini za su zubo waje. Ki zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Zai tashi a ruɗe, ga ciwon kai, wataƙila ya yi fitsari a jikinsa. Ki rufe shi, ki sallami 'yan kallo da yara, ki faɗa masa inda yake da murya a kwance. Barcin da zai yi bayan nan a bar shi ya yi.

Kada a sa masa komai a baki. Cokali, tsinke, yatsa, duk a'a. Mutum ba ya haɗiye harshensa, abin da cokali ke yi shi ne karya haƙori, haƙorin kuma ya faɗa maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa, manja, rubutu ko magani yana cikin halin, huhu za su wuce. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta wai don ya farfaɗo.

A ɗauke shi zuwa asibiti nan take idan fizgar ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo daga ta farko ba, ko numfashi bai daidaita ba bayan ta tsaya, ko ya ji mummunan rauni, ko a cikin ruwa ya faɗi. A mota ko Keke, a kwance a gefe, ba a goye a babur ba.

Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. Ki taɓa shi, ki goge masa baki, ku ci abinci a kwano ɗaya, yara su hau jikinsa. Wannan camfin ya sa an bar mutane da yawa kwance kusa da wuta ana kallo daga nesa.

Sannan a gyara gida, domin abin da ke illata mai farfaɗiya galibi wurin da ya faɗi ne. Kada ya ja ruwa a rijiya, a yi mata murfi. Kada ya sa sakata idan ya shiga wanka, ya yi da bokiti da kofi, kuma kada a bar baho cike da ruwa a banɗaki, ruwa kaɗan ya isa idan fuska ta kifa ciki. Babu wanka a rafi ko dam, babu hawa tsani, bishiya ko rufin ɗaki. Da sanyin hunturu kada ya zauna dab da kaskon wuta. Idan yana faɗuwa cikin barci, katifa a ƙasa ta fi gado, kuma kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki a kulle.

Ɗalibin Ilimi, Daura

Allah ya saka wa masana da alheri. A kan maganar iska, Malam Abu Hafsa, ba sai an yi rigima da iyaye ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa hana shan ƙwaya, ƙwaya ba ta hana addu'a. Ka ce musu ka karɓi addu'arsu hannu bibbiyu, amma maganin asibiti yana nan daram. Inda za ka ja layi shi ne duk wanda ya ce sai an ajiye maganin kafin nasa ya ci, ko ya zo da duka, ɗauri ko turaren da ke shaƙe mutum. Ciwon nan an san shi tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hadisin matar da ke faɗuwa har jikinta ya buɗe, ta zo neman addu'a, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma albishir da Aljanna aka yi mata, ba a kore ta daga cikin jama'a ba.

Gushewar hankali tana warware alwala, sai a sake bayan an farfaɗo. Faɗuwa ta 'yan mintoci da rana ba ta karya azumi ga wanda alfijir ya keto yana cikin hayyacinsa. Mara lafiya kuma yana da sauƙi a aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama. Amma ina ganin tunda sau biyu ne a rana, ai sai ya sha da sahur da buɗa-baki ya yi azuminsa.

Likita Bakatsine

Malam Ɗalibi, lissafin sahur da buɗa-baki yana yi, amma ba ga kowa ba. Azumi a nan yana kai awa 13 zuwa 14, tazarar ba ta yi nisa da 12 sosai ba, musamman ga mai shan CR. Wanda ciwonsa ya kwanta shekara guda ko fiye yawanci yana iyawa, bayan ya zauna da likitansa wata guda kafin Ramadan an tsara. Wanda ake kan daidaita wa adadi, irin Malam Abu Hafsa, shawarata ya ɗauki sauƙin da ka ambata a wannan shekarar. Kuma abin da ya fi yunwa tayar da ciwon a Ramadan shi ne rashin barci: tarawihi, hira, tahajjud a goman ƙarshe, sahur, sannan a wuce aiki. Rashin barci na sahun gaba a cikin abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. A nemi awa bakwai zuwa takwas a kowace rana, ko da za a cike da ƙailula. Wanda ya faɗi yana azumi, ya sha ruwa da magani bayan ya farfaɗo sarai, ya koma wurin likita kafin ya ci gaba.

Babur kuwa, amsar ita ce a'a a yanzu. Daƙiƙa biyar na ɗaukewar hankali a kan titin Daura zuwa Katsina sun isa, kuma ba ranka kaɗai ba ne. A Ingila sai mutum ya shekara cur babu faɗuwa kafin a mayar masa da lasisin tuƙi, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ka riƙe. Har a goye ma da haɗari, Keke ko mota sun fi. Idan dole ne, da hular kwano.

Abu Hafsa, Daura

Na gode ƙwarai, maman Hafsa ta karanta nata har sau biyu. Saura ɗaya: in faɗa a makaranta ko in yi shiru? Ina tsoron a ce ban dace da aji ba.

Likita Bakatsine

Ba sai ka yi shela ba, amma hedimasta da malami ɗaya ko biyu da ajinsu ke kusa da naka su sani, ka kuma nuna musu bayanin Umman Walid, don kada ranar da abin ya faru a nufo ka da cokali. Farfaɗiya ba taɓin hankali ba ce, ba ta hana koyarwa. Nemi likitanka ya rubuta maka takarda cewa kana kan magani kuma za ka iya aiki, tana taimakawa idan kana neman a dawo da kai makarantar da za ka iya zuwa da ƙafa. Rubuta sunanka, sunan magani, adadinsa da lambar wani na gida a ɗan kati ka sa a aljihun gaba.

Idan kana jin wata alama kafin faɗuwa, kamar wani wari da babu shi, tashin wani abu daga ciki zuwa ƙirji, ko fizgar hannu ɗaya, wannan farkon ciwon ne. Da ka ji ta, ka zauna a ƙasa nesa da bango da benci, ka aiki monita ya kira malamin da ka faɗa wa. Ka rubuta ta a littafin ko da ba ta kai ga faɗuwa ba, domin ana ƙirga ta wajen daidaita magani. Idan kuma ka ga damuwa ta yi maka yawa, barci ya ƙaurace, ko ka daina son shiga mutane har mako biyu, ka faɗa wa likita a zuwanka na gaba. Ciwon damuwa yana yawan zuwa tare da farfaɗiya, yana da magani, kuma akwai irin da ba ya karo da Tegretol.